Ranar Rufe Jirgin Kuramochi

Shekara talatin da ɗoriya Kuramochi Tatsuzo ya yi a ofishin awo na garin Shimizu, yana bin kasuwanni yana duba sikelin masu kifi da masu shinkafa, kuma ranar da ya yi ritaya ba a ji labarin wani ya zubar da hawaye ba. Aikin ya ajiye, halin kuwa ya naɗo abinsa ya taho da shi gida, ya juye wa ƙananan jirage. Jiragen yaƙi ne irin na da, masu filafilai da igwa a jere, waɗanda ake sassaƙawa da katako a ajiye a kan tebur. Tun yana aiki yake taɓawa a ranakun hutu. Da ya samu sarari, sai abin ya zama shi ne safe, shi ne rana.

Akwai ƙungiyarsu ta tsofaffi masu wannan cuta, suna haɗuwa wata-wata a saman wani shagon taliya, kuma duk cikinsu babu wanda ake shakka kamarsa. Mutum zai kwashe shekara yana ɗaura igiyoyin jirginsa, ya kawo yana washe baki, Kuramochi ya sauko da gilashinsa mai ƙara girma daga goshi, ya leƙa, ya ce, "Wannan igiyar a hagunce aka murɗa ta." Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Mutumin dai zai koma gida ya kasa cin abinci.

A gida ma akwai wata doka, kuma da bakinsa ya kafa ta.

Lokacin da suka tare a gidan, shekara ashirin da wani abu ke nan, an yi magana da matarsa Fusae cewa ɗakin kudu mai babbar taga nata ne, a nan za ta kafa keken ɗinkinta. Kafin a gama jera kaya Kuramochi ya shigar da teburinsa, ya ce na ɗan lokaci ne. Keken ya shiga kabad ɗin bango, bayan katifu, shi ma na ɗan lokaci. Wata safiya Fusae ta shiga kaɗe ƙura, bakin tsumman ya kamo wata siririyar sanda a jikin jirgin da yake yi a lokacin, sanda ta ce ƙas. Da ya dawo daga aiki ya gani, sai ya tsaya a tsakar ɗakin ya ce, "Kada ƙafarki ta sake taka ɗakin nan."

Fusae ta ce, "To."

Da kuka ta yi, ko ta jefe shi da kwano, da tuni an wuce wurin. Amma "to" ta ce, kuma ta riƙe. Tun daga ranar shayinsa a dokin ƙofa ake ajiye shi, safe da yamma, da zafinsa, babu fashi. Ranar da aka yi girgizar ƙasar da ta zubar da kwanukan unguwa, a dokin ƙofar ta tsaya ta ce, "Baban Chizu, kana da rai?" Ya ce yana da rai, ta koma madafa. Shekarar da bayansa ya riƙe ya zube a gefen tebur ya kasa tashi, sai ta ɗaura maganin a bakin gorar shanya ta miƙa masa daga waje, sannan ta je ta kira maƙwabci. Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ga duk wanda ya gani, mace ce mai biyayya, kuma wannan biyayyar ita ce ta hana Kuramochi sakat.

Ya so ya janye maganar tun a makon farko. Sai dai shi mutum ne da bai taɓa cewa ya yi kuskuren awo ba, kuma magana irin wannan ƙara nauyi take yi kullum aka kwana. Da shekaru suka tura, sai ya yanke shawarar zai ba da haƙuri da abin da ya iya.

Jirgin da ke kan teburinsa yanzu shi ne mafi girma da ya taɓa yi, tsawonsa ya kai na yaro ɗan shekara biyar in ya kwanta. Ya gina cikinsa duka, yadda masu wannan aikin suke yi: murhu da tukwane, gangunan ruwa, igwa kowace da igiyarta, har da wurin da matuƙa ke rataye abin kwanciya. A can baya kuwa, inda ɗakin kyaftin yake, ɗakin da ya fi kowane tagogi da haske a jirgi, bai sa teburin taswira ba, bai sa takobi ba. Tabarmi ya shimfiɗa irin na gida, waɗanda ya saƙa da zare. Ya sa ɗan akwatin allurai, da matashin zama guda. A gaban tagar ya kafa keken ɗinki, girmansa bai wuce farcen babban yatsa ba. Da tagulla da icen marmari ya yi shi, bayan ya shafe watanni yana jira Fusae ta fita kasuwa, ya ja katifu, ya auna na gasken. Ƙafar keken ma tana juyawa in an taɓa.

To ga inda matsalar take. Bayan an gama cikin jirgi, sai a shimfiɗa katakon daɓen sama a manne da gam, abin da suke kira rufe jirgi. In an rufe, ba mai sake ganin ciki har abada, don tagogin baya da takardar mai aka liƙe su, haske na shiga, ido ba ya shiga. Wasu sukan bar gefe ɗaya a buɗe don 'yan kallo, amma Kuramochi ya sha faɗa a gaban kowa cewa jirgin da aka bar samansa a buɗe kwando ne. Kuma ba zai iya ɗaukar jirgin ya kai mata dokin ƙofa ba. Gangar jirgin a ɗaure take da noti a kan katako, katakon a ɗaure da tebur, teburin a ɗaure da bango saboda girgizar ƙasa, kuma jirgin da ba a rufe ba in aka kwance shi murɗewa yake yi. Ko dai Fusae ta shigo da ƙafarta kafin Lahadi ta gani, ko kuma ya manne aikin shekaru a cikin duhu. An riga an sa rana, an gaya wa ƙungiya.

Suna cin abincin yamma ya gyara murya.

"Ke."

"Na'am."

"Lahadi za a rufe jirgin."

"Mutum nawa za su zo?"

"Huɗu. In an rufe fa, an rufe ke nan. Ba a sake gani."

"Kifi zan gasa, ko taliya za a aiko?"

"Cikin nan," ya ce, yana juya shinkafarsa, "akwai abubuwa."

"Ai ya kamata a samu abubuwa. Shekara nawa kana zuba su."

Ta ɗauki butar shayi za ta zuba masa, ta ɗora yatsa a bakin kofin ta ciki. Kwanakin nan haka take yi, kuma abin yana ba shi haushi.

"Cire yatsanki daga kofin mana. Wannan kuma wane sabon salo ne?"

Ta cire. Shayin ya cika ya zubo kan tebur. Ta sa tsumma ta goge, sannan ta karkata kai ta kalle shi ta gefen ido. Shi ma wannan kallon sabo ne, ya kai shekara biyu ko uku tana yi masa shi, kuma Kuramochi ya ɗauka harara ce, irin wadda ya san ya ci bashinta. Ya shanye shayin.

Washegari ya buɗe ƙofar ɗakin har bango, ya kunna duk fitilu da rana tsaka. Fusae ta zo wucewa da kwandon wanki, ta ce ana ɓarnar wuta, ta wuce. Da yamma ya ƙwala mata kira ya ce ga kyankyaso a ƙarƙashin tebur. Ta zo, ta tsuguna a dokin ƙofa, ta gangaro masa da gwangwanin maganin fesawa. Babu kyankyason, amma dole ya fesa, don tana tsaye tana jiran jin ƙarar. Ya yi tari har hawaye.

Ran Asabar ya ɗauko rigar da zai sa gobe, ya ga maɓalli ɗaya ruwan ƙasa a tsakiyar baƙaƙe, an ɗinka shi a karkace da zare mai kauri. Ya kai mata ya nuna.

"Dubi wannan."

"Me ya yi?"

"Launinsa daban. Kuma ya sauka daga layi."

"To sa wata rigar."

Ya sa wata rigar. A ransa ya ce mace mai keken ɗinki a kabad ta koma ɗinkin maɓalli kamar ɗan makaranta, wannan ma wata hanyar gaya masa magana ce.

Lahadi da hantsi baƙi suka iso, kowa ya cire takalmi ya rusuna ya ce a gafarta masa takurawa. A gaba Likita Hatakeyama ne, shugaban ƙungiya, tsohon likitan haƙora, riƙe da ɗan madubinsa mai sanda wanda a da yake leƙa bakin mutane da shi, yanzu kuwa cikin jirage. Bayansa Nabeshima, tsohon mai sayar da kifi, wanda Kuramochi ya taɓa ƙwace wa sikeli a gaban masu saye, kuma shi ne mai jirgin da aka kira kwando. Sai wasu tsofaffi biyu da ba sa magana sai an tambaye su.

Al'adar ranar rufewa ba ta da wuya. Kowa zai zo ɗaya bayan ɗaya ya yi kallon ƙarshe da tocila da madubi, hannu ɗaya na riƙe da madubin, ɗayan a baya. Wanda ba ya riƙe da komai, hannuwansa biyu a baya. Ba a taɓawa, ba a atishawa, ba a numfashi da ƙarfi. Bayan nan a sha giyar shinkafa ɗan kofi ɗaya, mai jirgi ya shafa gam ya rufe a gaban shaidu. Dokar hannu a baya Kuramochi ne ya kawo ta ƙungiya, kuma kowa ya san dalili, ko da yake ba a faɗa.

Likita ya fara daga gaban jirgin, yana gyaɗa kai. Ya yaba murhu, ya yaba ganguna. Da ya iso ɗakin kyaftin sai ya tsaya. Ya goge madubin da hankici, ya sake leƙawa. Ya miƙe, ya kalli rufin ɗaki, ya miƙa wa Nabeshima madubin.

Nabeshima ya leƙa. Ya daɗe. Da ya ɗago, fuskarsa ta mutumin da ya jira shekaru ne, yau Allah ya kawo.

"Sufeto," ya ce, don haka yake kiransa in yana so ya ji daɗi, "kyaftin ɗin nan tela ne?"

Kuramochi ya kawar da kai.

"A'a, tambaya nake. Ni jahili ne, mai kwando. A wane yaƙi aka yi amfani da keken ɗinki? Ko in abokan gaba sun matso sai a ɗinke musu baki? Likita, duba, har da tabarma! Mutumin da ya hana ni barci don igiya ɗaya. Ku zo ku gani, wallahi har da matashi!"

Tsofaffin biyu suka leƙa, suka koma gefe suna kallon safarsu.

"Nabeshima-san," Likita ya ce a hankali, yana ƙara wa sunan "san" na girmamawa, "ya isa."

"Ina ya isa? Ai yanzu na fara. Wannan keken ma na san irinsa, uwata tana da..." Sai ya tsaya da kansa. Ya kalli keken, ya kalli babbar tagar ɗakin da suke tsaye a ciki, ya kalli ƙofa. Nabeshima bakinsa ne ba shi da linzami, amma ba wawa ba ne. Ya mayar da hannunsa baya.

A daidai lokacin Fusae ta iso da tire, kwalbar giya da ƙananan kofuna. Ta durƙusa, ta ajiye a dokin ƙofa, ta rusuna ta ce a yi haƙuri babu wani abin kirki.

Likita ya ce, "Uwargida, ki shigo mana ki sa albarka. Aiki irin wannan ba kullum ake ganinsa ba."

"Na gode, Likita. An hana ni."

"Ai tsohon zance ne wannan."

"Tsoho ne, amma ban ji an ɗage ba."

Ta faɗa ne kamar mai ba da labarin farashin kabeji. Ta fara miƙewa za ta koma.

Kuramochi ya kalli teburin. Gam na kan tebur, katakan rufi a jere, an yanka an goge. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, cewa za ta juya ta tafi ta gasa kifi, shi kuma ya rufe. Ya taka zuwa bakin ƙofa, gwiwoyinsa na ƙara, ya durƙusa a gabanta ta ciki, ita tana ta waje. Ya dafa tabarma da hannu biyu, ya sunkuyar da kai har gilashin goshinsa ya ƙwanƙwasa ƙasa.

"Fusae," ya ce. Rabon da ya kira sunan har bakinsa ya manta yadda ake yi. "Na janye. Ki shigo. Don Allah."

Nabeshima ya sami wani abu mai ban sha'awa a jikin bango yana ta kallo.

Fusae ta miƙe tsaye. Sannan ta ce, "To," irin wancan "to" ɗin dai, ta tsallake tiren, ta shigo. Ba wanda ya gaya mata, ta mayar da hannuwanta biyu baya. Ta tako a hankali har gefen tebur, Likita ya haska mata tocila, ta sunkuya.

Ta daɗe tana kallo. Kuramochi na tsaye a bayanta.

"Ya yi kyau," ta ce. "Ka sha aiki."

Sai dai ba ɗakin kyaftin take kallo ba. Fuskarta na kan tsakiyar jirgin, inda aka jera gangunan ruwa.

"Ba nan ba," ya ce. "Can baya. Wajen tagogi."

Ta matsa, ta sake sunkuyawa, ta karkata kai gefe, irin karkatawar nan da take yi masa a kan abinci.

"Nan ma ya yi kyau."

"Me kika gani?"

"Katako."

Ya cire gilashin daga goshinsa, abin da bai taɓa ba kowa aro ba, ya ɗora mata. Ta bari ya ɗora. Ta leƙa, sannan ta cire da kanta ta miƙa masa.

"Baban Chizu, bar wahalar da kanka. Duk inda na kalla, tsakiyar baƙi ne. Ta gefe-gefe nake ɗan gani, shi ma manyan abubuwa. Ina ganin akwai jirgi."

Likita ya kashe tocilar. "Tun yaushe, uwargida?"

"An kwana biyu. Likitan ido ya ce ba ya dawowa, sai dai a rage masa gudu."

"Ba ki gaya mini ba," Kuramochi ya ce.

"Na gaya maka ranar da Chizu ta kai ni asibiti. Daga can na tsaya," ta nuna ƙofa da haɓa. "Ka ce uhm. Kana jera igwa."

Babu zafi a muryarta, kuma da akwai da ya fi masa sauƙi. Yana tsaye riƙe da gilashin, sai abubuwa suka riƙa zuwa masa ɗaya-ɗaya. Yatsa a bakin kofi. Maɓalli ruwan ƙasa. Jaridar da ta daina buɗewa, rediyon da yanzu ke kunne a madafa daga safe har yamma. Kallon gefen idon da ya ɗauka harara ce, ashe ƙoƙari take ta ga fuskarsa. Duk ya gan su, ko ɗaya bai wuce shi ba, har ya yi gyara a kan wasu. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba, ga baƙin ciki a ƙarƙashinta.

Ya ajiye gilashin. Ya zagaya bayanta, ya kamo hannunta na dama ya zaro shi.

"Kuramochi-san," Likita ya ce, "doka fa."

"Ni na kafa ta."

Ya riƙe ɗan yatsanta, ya sauke shi a hankali ta tsakanin katakan da ba a rufe ba, har cikin ɗakin kyaftin.

"Wannan fa?"

Ta shafa. "Tabarma."

"Nan?"

"Takarda. Taga ke nan. Da yawa."

"Nan?"

Yatsan ya bi saman abin, ya gangara gefe, ya tsaya. Ya sake komawa. Ta taɓa 'yar ƙafar, ƙafar ta juya a ƙarƙashin yatsanta. Leɓen Fusae ya motsa. Ta sake juya ta. Ta sake.

A juyi na gaba abin ya ce ƙas.

Ƙarar ba ta kai ta karyewar tsinken ashana ba, amma duk wanda ke ɗakin ya ji ta har cikin haƙoransa. Ɗaya daga cikin tsofaffin nan ya rufe ido.

Fusae ta zare hannunta ta mayar baya. "Me na karya wannan karon?"

Kuramochi ya leƙa. Ko babu gilashi ana gani. Ƙafar keken ta cire, ta gangara kan tabarma ta kwanta kusa da matashin.

"Babu," ya ce.

"Na ji ƙara."

"Gwiwata ce," Nabeshima ya ce. "Tun safe take yi."

"Keken ne," ta ce. "Ai na san shi."

Likita ya gyara murya, ya koma muryar shugaba. Ya ce al'ada ta yarda a ɗage rufewa in aka sami matsala a kallon ƙarshe, an taɓa yi, ba abin kunya ba ne. Mako biyu ya isa Kuramochi-san ya ƙera sabuwar ƙafa, sai a sake taruwa. Tsofaffin biyu suka gyaɗa kai da sauri.

Kuramochi ya kalli 'yar ƙafar a kan tabarma. Ya san zai iya ƙera wata kafin Laraba, wadda ta fi wannan ma. Ya ɗauki kwalbar gam ya buɗe.

"A zuba giya," ya ce.

"Sufeto," Nabeshima ya ce, a hankali wannan karon, "a karye fa za ka rufe shi."

"Na gani."

Nabeshima da kansa ya je ya ɗauko tiren daga dokin ƙofa. Ya zuba wa kowa, ya rasa kofi na shida, ya ba Fusae nasa, ya sa mata shi a hannu. Aka sha a tsaye. Kuramochi ya fara shimfiɗa katakan daga gaban jirgin, yana shafa gam da tsinke, yana dannawa. Murhu ya shige duhu, ganguna suka bi, igwa suka bi. Da ya zo kan ɗakin kyaftin bai tsaya ba, bai sake leƙawa ba, ya ɗora katako na ƙarshe ya danne shi da manyan yatsunsa biyu. Irin wannan gam ɗin sai an riƙe shi kafin ya kama.

Fusae ta laluba ta sami bakin tagar, ta zauna a kan tabarma inda rana ta faɗo. Ta ɗaga fuska ta rufe ido.

"Ashe haka rana take shiga ɗakin nan," ta ce.

Kuramochi bai juyo ba, hannuwansa na kan katakon. "Gobe zan kwance teburin," ya ce. "A fito da keken. A ina kike so a kafa shi?"

"In yi me da shi yanzu, Baban Chizu?"

Likita ya shiga goge madubinsa. Can Fusae ta ce kifi na jira, amma ba ta tashi ba, ba kuma wanda ya ce ta tashi. Gam ɗin ya daɗe da kamawa, kowa a ɗakin ya san ya kama, Kuramochi dai bai ɗaga yatsunsa ba.